Yadda za ka gane zobe intagiral domen ne ko ba shi ba ne, daki-daki

Tun da anka fara shirin jarrabawa tambaya guda ke ta shigo mani a waya, daga 'yan sashen lissafi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na jami'ar jiha, har da wata ƙanwa da ke kwalejin ilimi: "Yaya, in anka ce in nuna zobe kaza intagiral domen ne, daga ina zan kama?" Na amsa ma mutum huɗu ko biyar da murya a WhatsApp har makogwaro ya bushe, ga zafin Sakkwato da ba ya jin lallashi, sai na ce bari dai in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauka. Ba tarihi zan kawo ba, ba kuma wa ya ƙirƙiro mi ba, hanyar aiki ce kawai irin wadda za ka bi a takardar amsa.

Don mu fahimci juna: abin da malamai ke ce ma rin a aji, wato tarin da ake tarawa da ɗebewa da ninkawa a cikinsa, shi zan riƙa kira zobe, intagiral domen zan gajarta shi in ce domen, fil kuma fili, wato zobe mai musanya da ake iya rabawa da duk mamban da ba sifili ba a cikinsa. Ziro dibaiza shi ne mai raba sifili. Z shi ne cikakkun lambobi, Q lambobin da ake rubutawa a/b da cikakkun lambobi, C lambobi masu siffar a + bi inda i² = −1, Zₙ kuma kun san shi, lissafin ragowa bayan an raba da n.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Ba wani abin kirki ba ne. Littafin rubutu guda wanda ba ka haɗa shi da wani kwas ba, biro biyu masu launi daban, da kwafin tsofaffin tambayoyin kwas ɗin, kuɗin hoto kawai za ka biya. Kalkuleta aje ta, ba ta da aiki nan. A bangon baya na littafin ka jera lambobin firam, wato waɗanda sunka fi 1 kuma ba abin da ke raba su sai 1 da kansu, da ke ƙasa da 100, su 25 ne, daga 2 har 97, za ka gode mani a mataki na 3. In kana da ɗan data akwai SageMath, kyauta ne kuma ana iya buɗe shi a burauza ba sai ka sauke komai ba, zan zo kanshi can ƙasa. Abin da zai ci maka da gaske lokaci ne, ka ware dare biyu ko uku kana yi da hannu, don karanta wanga rubutu kana kishingiɗe kan tabarma ba zai sa ya zauna ba.

1. Rubuta ma'anar kafin komai

Zobe R domen ne in ya cika sharuɗɗa uku: ninkawa tana musanya, wato ab = ba ga kowane a da b; akwai 1 a ciki kuma 1 ≠ 0; sannan in ab = 0 to dole a = 0 ko b = 0. Na ukun shi ne zuciyar maganar, duk abin da zai biyo baya a kanshi yake rataye. Mamba a wanda ba sifili ba amma akwai wani b, shi ma ba sifili ba, da ab = 0, shi ne mai raba sifili. Domen zobe ne da babu irinsu ko guda.

Ka rubuta wannan a layin farko na amsarka ko da tambayar ba ta nema ba, sau da yawa akwai maki a kai.

Hattara: wasu littattafai ba su sa sharaɗin 1 a ma'anarsu, shi ya sa za ka ga wani ya ce 2Z, zoben lambobin da 2 ke rabawa, domen ne wani ya ce a'a. Kada ka tsaya gardama, buɗe not ɗin malaminka ka bi ma'anar da ya bayar, shi zai duba takardar ba ni ba. Ni nan da sharaɗin 1 nake tafiya. Kuma zoben da ba kowa cikinsa sai 0 ba domen ba ne, tunda 1 = 0 a can.

2. Duba musanya da 1, ka wuce da sauri

Wanga mataki minti ɗaya ne amma kada ka tsallake shi. In anka ba ka matiris masu layi 2 da ginshiƙi 2, tun nan magana ta ƙare, ninkawarsu ba ta musanya. In 2Z ne, babu 1. In kwataniyon ne, lambobin nan masu siffar a + bi + cj + dk, to ga tarko: ba su da mai raba sifili ko ɗaya, amma ij = k alhali ji = −k, don haka sun faɗi a sharaɗin farko. Mutum sai ya cika shafi yana nuna babu mai raba sifili ya ce domen ne, ashe tun ƙofar gida anka hana shi shiga.

3. Fara farautar mai raba sifili kafin ka fara kawo hujja

Nan ne mafi yawanku ke ɓata lokaci, kuma nan zan daɗe. Ɗalibi na ganin tambaya sai ya hau rubuta "a ɗauka ab = 0" ba tare da ya san ko zoben ma domen ne ba, ya kwashe kwata yana neman tabbatar da abin da ƙarya ne. Ka ɗauki minti biyu a gefen takarda kana neman mambobi biyu da ba sifili ba waɗanda ninkinsu zai ba da sifili. In ka same su ka gama, misali ɗaya tak ya isa, layi biyu ne amsar. In ka nema ka rasa sannan ka tafi mataki na 4.

Ga wuraren da suke ɓuya.

A Zₙ. Ɗauki agogon bango, shi ne Z₁₂, in ka kai 12 ka koma 0. To 3 × 4 = 12, wato 0, ga 3 ba sifili ba ga 4 ba sifili ba. An gama, Z₁₂ ba domen ba ne. In tambayar ta ce ka jero su duka, duba waɗanda wata lamba da ta fi 1 ke raba su tana kuma raba 12: 2, 3, 4, 6, 8, 9, 10. Sauran, 1, 5, 7, 11, yunit ne, kowannensu yana da inbas, wato mamban da in ka ninka su ka samu 1. A Zₙ duk mamban da ba sifili ba ko dai yunit ne ko mai raba sifili, babu na tsakiya, kuma ba a zama duka biyun. Ka yi amfani da wannan wurin duba kanka, 7 da 4 sun ba da 11, a ƙara 0 ya zama 12, lissafi ya cika.

Dokar ita ce Zₙ domen ne in n firam ne, in ba firam ba ne to ba domen ba ne. Kwanakin mako, Z₇, domen ne. Dalilin: in p firam ne kuma ab = 0 a Zₚ, ma'ana p ya raba ab, kuma halin firam ne in ya raba ninki dole ya raba ɗaya daga ciki, to a = 0 ko b = 0. In kuma n = rs da r da s duk sun fi 1 kuma ƙasa da n, su kansu r da s ɗin su ne masu raba sifili.

Hattara: masu saita tambaya na son lambobin da sunka yi kama da firam. 51 = 3 × 17, 57 = 3 × 19, 87 = 3 × 29, kuma sarkinsu 91 = 7 × 13, wanga ya kayar da mutane da yawa. Shi ya sa na ce ka jera firam a bangon littafi. In ka manta a ɗakin jarrabawa, gwada raba lambar da firam ɗin da murabba'insu bai wuce ta ba, ga 91 kenan 2, 3, 5, 7 kawai za ka gwada.

A zoben da anka haɗa biyu, irin Z × Z. (1, 0) × (0, 1) = (0, 0). Ko da duk biyun domen ne, kai ko fili ne ma, haɗinsu ba ya taɓa zama domen muddin kowannensu yana da abin da ya wuce sifili. Kada ka ce "Z domen ne saboda haka Z × Z ma haka", na ga wagga amsa fiye da sau nawa.

A zoben fankshin. In anka ce duk fankshin marasa yankewa daga R zuwa R (R nan lambobin riyal ne, na layin lamba, ba zoben namu ba), ɗauki f(x) = x + |x| da g(x) = x − |x|. Na farko sifili ne a ɓangaren hagu, na biyu sifili ne a ɓangaren dama, ninkinsu x² − |x|² = 0 ko'ina, amma ba wanda ya zama fankshin sifili a cikinsu. Ka haddace wannan misalin kamar lambar wayarka, da wuya ka ƙirƙiro shi cikin ruɗun jarrabawa.

Sai alamu biyu da ke tona asiri da wuri. In ka ga wani e da e² = e kuma e ba 0 ba ne ba 1 ba ne, to e(1 − e) = 0, ka kama ɓarawo. A Z₆, 3² = 9 = 3 kuma 4² = 16 = 4. In kuma ka ga wani a ≠ 0 da in ka yi ta ninka shi da kansa zai mutu ya koma 0, kamar 2 a Z₈ inda 2³ = 8 = 0, shi ma ya isa, 2 × 4 = 0.

4. In ba ka samu ba, zaɓi hanyar hujja da ta dace da zoben

Hanyoyi huɗu ne nake amfani da su, kuma zaɓen hanyar shi ne rabin aikin.

Ta farko, wadda ta fi sauƙi kuma mutane ba su cika tuna ta ba: nuna cewa zoben yana zaune a cikin wani fili ko wani domen da anka sani. Z[i], Z[√2], Z[√−5], wato lambobi masu siffar a + bi, a + b√2, a + b√−5 da a, b cikakkun lambobi, duk suna cikin C. Tunda a C ninkin lambobi biyu da ba sifili ba ba ya zama sifili, to a ɗan ƙaramin zoben da ke cikinsa ma haka. Aikinka kawai ka nuna ƙaramin zobe ne na gaskiya, wato akwai 1, in ka ɗebe mamba daga mamba kana ciki, in ka ninka kana ciki. Ga Z[√2]: (a + b√2)(c + d√2) = (ac + 2bd) + (ad + bc)√2, siffar ba ta canza ba, shikenan.

Hattara: ka yi ninkawar da hannunka, kada ka ce "a bayyane yake". In anka ba ka tarin a + b∛2 da a, b cikakkun lambobi, ∛2 × ∛2 = ∛4 kuma wannan ba ya cikin tarin, to ba zobe ba ne ma balle a yi maganar domen.

Ta biyu, kai tsaye: ɗauka ab = 0 da a ≠ 0, ka nuna b = 0. Ga Z[i] za ka iya bi ta nom, N(a + bi) = a² + b², nom ɗin ninki shi ne ninkin nom, to in αβ = 0 sai N(α)N(β) = 0 a cikin Z, ɗaya ya zama 0, kuma a² + b² = 0 na nufin a = b = 0. Tana aiki, sai dai ta fi ta farko tsawo, ni ba na bin ta sai in malami ya ce lallai da nom yake so.

Ta uku, folinomiyal. In R domen ne to R[x], zoben folinomiyal a x masu lambobi daga R, ma domen ne. Ɗauki f da g da ba sifili ba, lambar da ke gaban x mafi girma a f ita ce a, ta g kuma b, duk ba sifili ba. A fg, lambar da ke gaban x mafi girma ita ce ab, kuma ab ≠ 0 saboda R domen ne, to fg ≠ 0. Daga nan kuma ka samu kyauta cewa digirin fg, wato ƙarfin x mafi girma a cikinsa, shi ne digirin f a tara da na g. Ka maimaita sau biyu ka samu R[x, y].

Hattara: tara digiri ba ya aiki in R ba domen ba ne. A Z₆[x], (2x + 1)(3x + 1) = 6x² + 5x + 1 = 5x + 1, digiri 1 da 1 sun haifi 1. A Z₄[x] abin ya fi ban mamaki, (2x + 1)² = 4x² + 4x + 1 = 1, wato 2x + 1 yunit ne. Saboda haka duk inda ka rubuta tara digiri a amsa, ka faɗi cewa don R domen ne.

Ta huɗu ita ce ta zoben R/I, wanda anka raba da aidiyal I, wato ɓangaren R da in ka tara ko ka ɗebe mambobinsa ko ka ninka su da kowane mamba na R kana ciki, kuma ita ta fi fitowa a jarrabawar manya. R/I domen ne daidai lokacin da I firam aidiyal ne, wato I ba R gaba ɗaya ba ne kuma in ab na cikin I to a ko b na ciki. In ka lura ma'anar domen ce anka sake ma riga, tunda "yana cikin I" shi ne "sifili ne a R/I". A aikace abin da za ka yi shi ne ka duba ko abin da ke cikin bakan aidiyal ɗin yana tsagewa, wato ko ninkin wasu biyu ne da ba yunit ba. Z[x]/(x² − 1) ba domen ba ne, don (x − 1)(x + 1) ya faɗa cikin aidiyal ɗin alhali ba ɗayansu da ke ciki. R[x]/(x² + 1) kuwa, in R lambobin riyal ne, shi ne C da wani suna, fili ne, domen ne.

Amma kula, folinomiyal guda na iya canza hali in an canza mishi gida. x² + 1 ɗin nan a Z₅: sa x = 2 ka samu 5 = 0, ya tsage ya zama (x + 2)(x + 3), don haka Z₅[x]/(x² + 1) ba domen ba ne. A Z₃: x = 0 ya ba da 1, x = 1 ya ba da 2, x = 2 ya ba da 5 = 2, babu wanda ya kashe shi, bai tsagewa, Z₃[x]/(x² + 1) fili ne mai mambobi 9. Haka abin yake a Z[i]: raba da (3) ka samu fili mai mambobi 9, raba da (5) ka faɗa rami don (2 + i)(2 − i) = 5, raba da (2) ma haka don (1 + i)² = 2i. Firam a Z ba lallai ya zama firam a Z[i] ba.

Hattara biyu a nan. Gwajin "babu lambar da ta mayar da shi sifili, to bai tsagewa" na digiri 2 da 3 ne kaɗai a kan fili. x⁴ + 4 ba shi da saiwa a Q, wato ba lambar Q da ke mayar da shi sifili, amma (x² + 2x + 2)(x² − 2x + 2) ne, ninka ka gani. Na biyu, kada ka rikita firam aidiyal da maksimal, wanda R/I nasa fili ne. Z[x]/(x) shi ne Z, domen ne amma ba fili ba, to (x) firam ne a Z[x] ba maksimal ba. Duk maksimal firam ne a zobe mai musanya mai 1, amma ba a juya maganar.

5. Soke mamba ba tare da ka raba ba

Tambayar kan zo haka: a domen, in ab = ac da a ≠ 0, nuna b = c. Wanga shi ne inda ni kaina na sha kashi lokacin ina ɗalibi, na rubuta "a ninka ɓangarorin biyu da a⁻¹", na fito ina murna, takarda ta dawo da jan biro zagaye da a⁻¹ ɗin da tambaya guda a gefe, ina ka samo shi? Malamin na da gaskiya. A Z, 2 ba shi da inbas, rabi ba cikakkiyar lamba ba ce, amma kuma 2b = 2c na ba da b = c. Hanyar ita ce: ab − ac = 0, sai a(b − c) = 0, tunda a ≠ 0 kuma babu mai raba sifili to b − c = 0. Layi uku.

In sun ce ka juya, wato sokewa na aiki ka nuna domen ne: ab = 0 da a ≠ 0, rubuta shi ab = a·0, soke a, b = 0.

In sun nemi misalin inda sokewa ta ƙi: Z₆, 2 × 1 = 2 kuma 2 × 4 = 8 = 2, amma 1 ≠ 4.

Hattara: muddin ba a ce maka fili ba ne, kada alamar a⁻¹ ko a/b ta fito daga bironka.

6. Domen mai iyaka fili ne, ga yadda ake jera hujjar

Wannan kusan kowace shekara sai ta leƙo. R domen ne mai mambobi ƙidayayyu, a ≠ 0, ana son a nuna a yana da inbas. Ninka a da kowane mamba na R. Sakamakon duk daban-daban ne, don in ax = ay sokewa ta ba da x = y. To kana da sakamako daban-daban adadinsu daidai da adadin mambobin R, kuma duk a cikin R suke, dole kenan sun cinye R kaf, kamar baƙi goma da tabarmi goma kuma ba a yarda biyu su zauna kan guda ba, ba tabarmar da za ta rage. Cikin abin da sunka cinye har da 1, to akwai x da ax = 1.

Gwada da hannu ka ga yadda take tafiya. A Z₇ ninka 3 da 1 zuwa 6, za ka samu 3, 6, 2, 5, 1, 4, kowa ya fito sau ɗaya, kuma 1 ya fito a kan 5, to 5 ne inbas ɗin 3. A Z₆ ninka 2 da 0 zuwa 5, sai 0, 2, 4, 0, 2, 4, ana ta zagaye 1 bai taɓa fitowa ba.

Hattara: ka nuna a fili inda ka yi amfani da iyakar. A Z ninkawa da 2 ma ba ta haɗa lambobi biyu wuri guda, amma ba ta taɓa faɗawa kan 1 ba, shi ya sa Z domen ne ba fili ba. Duk fili domen ne, wannan kam ko da yaushe.

7. Karaktaristik

Karaktaristik shi ne mafi ƙarancin sau n da za ka tara 1 da kansa ka samu 0, in babu irin wanga n sai a ce 0 ne, kuma na domen ko dai 0 ne ko firam. In n ne mafi ƙanƙantar lamba da n·1 = 0 kuma n = rs da duka biyun ƙasa da n, to (r·1)(s·1) = 0, ɗaya ya zama sifili, wanda ya saɓa ma cewa n ne mafi ƙanƙanta. Amfaninsa a gwaji shi ne kora, ka ga karaktaristik 4 ko 6 ko 12 ka san ba domen ba ne.

Hattara: bai tabbatar da komai ta ɗaya ɓangaren. Z₂ × Z₂ karaktaristik ɗinsa 2 ne, Z × Z nasa 0 ne, duk ba domen ba ne. Kuma karaktaristik firam ba ya nufin zoben mai iyaka ne, Z₂[x] ba shi da iyaka.

8. Warware ikweshin a cikin zobe

Tun sakandare anka koya muna (x − 2)(x − 3) = 0 na nufin x = 2 ko x = 3, ba wanda ya gaya muna cewa albarkacin domen muke ci. A Z₁₂, x² − 5x + 6 = 0 na da amsa huɗu: 2, 3, 6 da 11. Duba 6, 4 × 3 = 12. Duba 11, 9 × 8 = 72, shi ma 12 ya raba shi. A Z₈ kuma x² = 1 na da 1, 3, 5, 7. A domen folinomiyal mai digiri n da ba sifili ba ba ya wuce saiwa n, a wajen domen ba wannan garantin. Don haka in anka ba ka ikweshin a Zₙ da n ba firam ba, sa kowane mamba ɗaya bayan ɗaya, gajiya ce amma ita ce hanya.

9. Firam da mara tsagewa ba abu ɗaya ba ne

In kwas ɗinku ya kai nan, to misali guda ne ke ɗauke da kayan duka, Z[√−5]. A ciki 6 = 2 × 3 kuma 6 = (1 + √−5)(1 − √−5). Nom ɗin shi ne a² + 5b². Don nuna 2 bai tsagewa: in 2 = αβ to N(α)N(β) = 4, kuma a² + 5b² = 2 ba shi da amsa a cikakkun lambobi, gwada b = 0 ka ga a² = 2, in b ya kai 1 kuma an riga an wuce 2. To dole ɗaya nom ɗinsa 1 ne, wato 1 ko −1, yunit. Haka za ka yi ma 3 mai nom 9 da sauran biyun masu nom 6, tunda nom 3 ma babu shi. Amma 2 ba firam ba ne, ya raba ninkin (1 + √−5)(1 − √−5) bai raba ko ɗayansu ba, rabin 1 + √−5 ba ya cikin zoben.

Abin riƙewa: a kowane domen firam bai tsagewa, amma mara tsagewa ba dole ya zama firam ba sai a domen da tsagewa ke da hanya ɗaya tak, irin Z da Z[i] da Z[x]. Z[√−5] domen ne lafiya lau, kada ka ce ba domen ba ne don 6 ya tsage ta hanya biyu, wata cuta ce daban wannan. Shi kuma Z[x] ka tuna aidiyal (2, x) nasa ba mamba ɗaya ya haife shi ba, suna son tambayarta a matsayin misali.

10. Duba amsarka da na'ura, bayan ka gama ba kafin ba

Buɗe SageMath ka rubuta Zmod(91).is_integral_domain() zai ce maka False, sa 97 ya ce True. Yana da amfani wurin tabbatar da cewa ba ka yi kuskuren lissafi ba, musamman da dare in an ɗauke wuta kana aiki da fitilar waya ido ya fara gani biyu-biyu. Amma ba ya rubuta maka hujja kuma ba za a bar ka da waya a ɗakin jarrabawa ba, wanda ya fara da shi zai ji kamar ya iya alhali bai iya ba.

Wurin rubuta amsar ƙarshe, in ba domen ba ne ka ambaci mambobin biyu, ka ce a ≠ 0, b ≠ 0, ka nuna ninkin ya zama 0. Kalmar "≠ 0" ɗin nan kada ka bar ta, musamman a R/I inda sai ka faɗi dalilin da ya sa x − 1 ba ya cikin aidiyal (x² − 1), digirinsa ya yi ƙasa. In domen ne ka taɓo sharuɗɗan uku duka, ko da biyun farko a layi ɗaya ne.

Ga na gwaji kafin gobe, ku turo mani abin da kunka samu: Z₁₁₉, Z[i]/(7), Z[i]/(13), Q × Q, Z₂[x]/(x² + x + 1), sai Z₂[x]/(x² + 1). Na 13 ɗin ku nemi murabba'i biyu da in an tara su za su ba da 13. Na ƙarshen kuma ku lissafa (x + 1)² a Z₂ tukuna kafin ku ce komai.